Ni Ba Malam Alu Ba Ne

Litinin, 6 ga Maris, 2006, bayan la'asar

Bari in fara da abin da kowa ya sani a Rano, tunda na ga an fara mantawa.

Ni na kai kaina firamare a Saji, da hannuwana, a ƙasa, rani da damina. Ni na ci jarrabawar sakandare, na yi aji uku kafin hali ya gagara. Walda a bakin tasha na koye ta, da ido, domin babu maigidan da ya yarda ya ɗauki gurgu. Injina na farko, gyaran fitila da ƙera murhu ne suka saya mini shi. Keken da nake murzawa ni na ƙera, kuma duk keken guragun da ke yawo daga nan zuwa Kibiya, leƙa ƙarƙashin kujerarsa za ka ga tambarina. Na gina gidan bulo. Na yi aure, ba wanda ya biya mini sadaki. Na sauke farali, na yi ɗawafi da hannuna, ban hau kujerar da ake turawa ba. 'Ya'ya shida, babu wanda ya taɓa kwana da yunwa, babbarsu tana digiri na biyu a jami'a a Kano. Ba kansila, ba ɗan majalisa, ba ƙungiyar Turawa. Allah, sai hannun nan biyu.

Sunana Munzali Muhammad Sani Saji. Na rubuta shi a nan ne domin yau na ga babi guda a kan rayuwata, ban gan shi a ciki ba.

Uwani ce ta kawo kundin. Ita ce 'yata ta fari, sunan mahaifiyata gare ta, shi ya sa ba na kiran sunanta na yanka. Shekarar da ta wuce ta yi ta zuwa shago da 'yar rikoda, ta ajiye a kan benci, ta ce in yi magana. Ta ce bincike take yi a kan yadda mutanen Rano da Kibiya suke ɗaukar nakasa. Wai yanzu ilmi ne mai zaman kansa, likita da malamin addini da lauya da masanin zaman jama'a duk sun taru a kansa. Na ce madalla, an daɗe ana kallonmu kyauta, gara a kalle mu a ba wani digiri. Na yi mata magana kaset bayan kaset.

Yau ta durƙusa ta miƙo mini kundin da hannu biyu, ta ce babi na huɗu duk nawa ne. Turancina na aji uku ne, amma yana kai ni inda zan je. Na buɗe. Ga shagona, ga injina, ga maganata kalma da kalma. Amma mai maganar wani ne wai shi Malam Alu, gurgu, mai sana'ar hannu, a wani gari a kudancin Kano.

Na ce, "Wane ne Malam Alu?"

Ta ce, "Kai ne, Baba."

"Yaushe aka yanka mini ragon?"

"Ƙa'idar bincike ce, Baba. Duk wanda aka yi hira da shi sai an sakaya sunansa, don a kare shi."

Na ce a kare ni daga wa? Shekara hamsin da 'yan kai ina ratsa garin nan tsakanin motoci da shanu, ba wanda ya kare ni, sai yanzu da za a faɗi abin da na yi?

Ta ce bari ta shiga ta gaida uwarta.

Talata, 7 ga Maris, da hantsi

Bangon kundin: Sharifa M. Sani. Haka aka buga, ba ni na faɗa ba. Sani kakanta ne, mahaifina, mutumin da bai taɓa saya mata ko fensir ba. Shi an rubuta shi cikakke. Shi, duk da abin da ya yi. Ni da na ɗauki nauyinta tun daga aji ɗaya an mayar da ni M da ɗigo.

Laraba, 8 ga Maris, azahar

Ina cikin goge ƙarfe na tambayi kaina, wai wa ke faɗin sunana a duniyar nan? Yalwa matata ba ta taɓa faɗa ba tun ranar da aka kawo ta. Da Malam take cewa, yanzu Alhaji. Har ɗan maƙwabcinmu da aka raɗa wa Munzali ta canza masa, wai Mai Sunan Alhaji. 'Ya'yana kuwa Baba. Wannan ladabi ne, ban ce komai ba. A waje kuma, tsaya a tasha ka tambayi shagon Munzali, sai a yi ta kallon juna. Ka ce Alhaji Gurgu mai walda, ko akuya ta nuna maka.

A gida kunya ta ɓoye sunan, a waje ƙafa ta danne shi. Takarda ce kaɗai ba ta jin kunya, ba ta kuma ganin ƙafa. Shi ya sa na saki baki da aka ajiye mini rikoda.

Juma'a, 10 ga Maris, bayan an sauko daga masallaci

A babi na biyar ga Sarkin Guragu. Shi ba a ce masa Malam Wane ba, an rubuta sarautarsa ƙiri-ƙiri. To Sarkin Guragu nawa ne a ƙasar nan? Ɗaya ne, Ɗantsoho na Unguwar Gai, wanda duk Juma'a yake jera mutanensa a ƙofar masallaci, ya ba kowa wurinsa, ya raba musu abin da aka samu. Ko makaho aka karanta wa zai gane shi. Mutumin da ya ci rayuwarsa da tafin hannu a buɗe yana da suna a jami'a. Ni da na ci tawa da hannu a dunƙule a kan guduma ba ni da shi.

Shekara da shekaru yana aiko mini in zo in yi mubaya'a, wai duk gurgun ƙasar nan talakansa ne. Ban je ba, ba kuma zan je ba. Yau ma na wuce su a ƙofa, ya ɗaga sandarsa ya ce, "Munzali, ba gaisuwa?" Na murza kekena na yi gaba.

Shi kaɗai ne a garin nan yake kiran sunana gatsal. Wannan ma wani abin haushin ne.

Asabar, 11 ga Maris, magariba

Ba zan rubuta abin da ya faru a shago ba. Tambaya ɗaya na yi wa Uwani. Da ta amsa, da shi ke nan.

Lahadi, 12 ga Maris

Ta koma Kano da sassafe. Ba ta karya ba.

Litinin, 13 ga Maris, da yamma

Yalwa ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida ta jera takardun, kowacce da dutse a kanta. Ruwan durom ɗin da nake kashe ƙarfe a ciki baƙi ne, ya ratsa har tsakiyar kundin. Ita ta je ta tsamo shi da hannunta bayan 'yan tasha sun watse. Ba ta ce mini kanzil ba. Tuwo yana zuwa a kan lokaci, miya ba laifi, sai dai ta dire ta juya.

Tambayar mai sauƙi ce. Na ce, "Kunyar a ce ni ne ubanki kike ji?" Uba ba shi da ikon ya tambayi 'yarsa haka? Eh, akwai mutane a wurin. Shagona ba ya rabuwa da mutane. Ta tsaya tana kallona, idonta ya kawo ruwa, ta ce, "Baba, ka karanta babin har ƙarshe?"

Wannan amsa ce?

Laraba, 15 ga Maris, da hantsi

Na samu lambar malamin da ke duba aikinta, Dakta Abdulganiyyu. Na kira shi. Mutum mai taushin murya, irin waɗanda ke ƙara maka zafi.

Ya ce, "Alhaji, abin da muka saba hanya biyu ne. Ko maganarka ta zauna da sunan aro, ko ka janye ta gaba ɗaya. Haƙƙinka ne, ba mai hana ka."

Na ce, "In na janye fa?"

"Babi na huɗu ya faɗi. Kuma a kansa aikin ya tsaya. Ranar shida ga Afrilu za ta kare kundin a gaban malamai. In babu babin, sai dai ta sake sabon bincike, in ma an ƙara mata lokaci."

Na ce, "To na janye."

Ya ce, "Alhaji, zan yi kamar layin bai yi kyau ba. Ka sake kirana in ka huce."

Na ce masa layi lafiya lau yake, kuma ni ba shayi ba ne da zan huce. Rayuwata ce. Ba zan ba Malam Alu kyautarta ba, ko ubansa ban sani ba.

Alhamis, 16 ga Maris

Na huda fayif biyu yau garin liƙi. Ni. Ƙarfen yanzu ba shi da kyau.

Asabar, 18 ga Maris, bayan azahar

Takardun sun bushe, sun ƙandare kamar ganda. Yalwa ta haɗa su ta ajiye a kan taga inda dole in gani. Don rashin aiki na duba farkon.

Uwani ta rubuta wai nakasa iri biyu ce. Akwai ta jiki, akwai wadda jama'a ke ginawa da siminti da harshe. Wai ba ƙafata ce ta hana ni shiga banki ba, matakalar bankin ce. Wai tunda aka gaya wa uwata aljana Inna ce ta shanye mini ƙafa, sai aka bar neman magani aka koma neman wanda ya yi laifi. Wai masu raba kekuna lokacin zaɓe sun fi son gurgu ya zauna a ƙasa don hoton ya yi kyau. Wannan ta ƙarshe kuwa maganata ce, ni na faɗe ta, Malam Alu ya cinye.

Sauran ban yarda da su duka ba. Ƙafata ƙafata ce, ni nake jan ta, ba jama'a ba. In aka ce komai laifin matakala ne, shi wanda ya hau matakalar fa? Ina aka ajiye shi? A nan suke cutar mutum. Sai su yi ta tausaya maka har su shafe ka.

Amma yarinyar ta iya jera magana, wannan ba zan ci haƙƙinta ba.

Ban kai ƙarshen babi na huɗu ba. Rubutun wurin ya cuɗe da ruwa.

Laraba, 22 ga Maris, da safe

Masu ƙidaya sun zo. Wani malamin firamare da jakarsa da fensir. Ina zaune a kan tabarma a gabansa, ya tsallake kaina da ido ya dubi Yalwa da ke bakin ƙofa ya ce, "Hajiya, ya sunan maigidan?"

Baiwar Allah ta rufe baki da mayafi. Shekara talatin ba ta faɗa ba, yau za ta faɗa wa baƙo?

Na ce, "Malam, ƙafa ce ba ta aiki, bakin yana nan." Na faɗa masa sunan da ƙarfi har sau uku, sai da awakin Yalwa suka tashi. Ya rubuta. Sannan ya ce, "Akwai nakasa?" Na ce, "Tun ɗazu ita kaɗai kake gani, yanzu kake tambaya?"

Ya shafa mini tawada a yatsa ya tafi. Ko ba komai gwamnati ta rubuta ni da sunana. Da fensir.

Juma'a, 24 ga Maris

Uwani ba ta kira ba. Ba jira nake ba.

Lahadi, 26 ga Maris, bayan la'asar

Yalwa ta yi magana. Gara da ta ci gaba da shirunta.

Ta zo ta zauna, abin da ba ta yi ba tun ranar durom, ta ajiye takarda ɗaya a gabana. Ta ce, "Alhaji, ni ban yi boko ba, amma yarinyar nan ta nuna mini wannan kafin ta tafi. Ruwa bai taɓa ta ba, ka daina cewa ta cuɗe."

Na ce ta ɗauke.

"Ka san abin da ke ciki?"

"Na ce ki ɗauke."

"Ni ban sani ba sai daren da ta kwana tana kuka a ɗakina. Damina biyu mahaifinka yana saɓa ka a kafaɗa duk Juma'a, ya ajiye ka a ƙofar masallaci kusa da Ɗantsoho, ya dawo da yamma ya karɓe abin da aka ba ka. Ni ba ka gaya mini ba, rikoda ka gaya wa. To in ta sa sunanka, mutumin da kullum yake cewa bai taɓa miƙa hannu ba..."

Na ce, "Ya isa."

"Bai isa ba, Alhaji. Ita asirinka ta rufa, kai ka tsoma ta a durom a gaban 'yan kamasho."

Ta tashi ta bar mini takardar.

Shekarata tara. Ban kai kaina ba, kai ni aka yi. Wanda ya ajiye yaro a wurin shi ya kamata ya ji kunya, kuma ga shi can a bangon littafi da sunansa cikakke. Ranar da na iya jan kaina daga gida zuwa makaranta ban sake zama a ƙofar nan ba. Duk abin da na rubuta a shafin farko na littafin nan gaskiya ne. Duk.

Litinin, 27 ga Maris, da hantsi

Na samo mafita, kuma mai sauƙi. A sa sunana, a cire shafin. Na kira Dakta na gaya masa. Ya ce aikin ba nasa ba ne, ga mai shi nan a ofis, ya miƙa mata wayar kafin in ce a'a.

"Baba, ina kwana."

"Lafiya. Kin ji abin da na ce?"

"Na ji, Baba. Ba zan iya ba."

"Ba za ki iya ba?"

"Zan iya ɓoye sunanka in faɗi gaskiyarka duka. Amma in sa sunanka a kan rabinta, in jefar da rabi, ƙarya na rubuta. Yaran da ake ajiyewa a ƙofar nan yau, wancan shafin nasu ne. Shi ne yake nuna ana tashi daga wurin."

Na ce, "Ko da za ki rasa digirin?"

Ta ce, "Ko da zan rasa, Baba." Sannan ta tambaye ni ko ina shan maganin kafaɗata.

Taurin kai. Ban san inda ta gado shi ba.

Ranar kasuwar Kibiya, da yamma

Na kai wa wani mai albasa baro guda biyu da na ƙera masa. Ina juyowa, sai ga Ɗantsoho a ƙarƙashin ɗorawa da rawaninsa, fadawansa kewaye da shi. Tun daga nesa ya ɗaga murya.

"Ku ba da hanya, ga Malam Alu!"

Na tsaya. Na ce, "Wa ya gaya maka?"

"Wanda ya jefa littafi a durom a tsakiyar tasha yake tambayar wa ya faɗa? Har Fulanin Saji sun ji." Ya kori fadawan da hannu, ya ce in matso. Na matso ne kawai don birkin kekensa yana ƙara, kuma aikina ne, ba zan iya ji in wuce ba.

Ina ɗaure birkin ya ce, "Ni ma 'yar taka ta ce za ta canza mini suna. Na ce ta sa wanda ta ga dama, amma kada ta taɓa rawanin."

Na ce, "Kai me kake da shi da za a ɓoye? Sana'arka a bakin titi kake yin ta."

"Kai fa? Taka a ina ka yi ta, a rami?" Ya yi dariya har da tari. "Munzali, ƙofar masallacin Juma'a ce fa. Duk garin ta nan yake wucewa. Waɗanda suka jefa maka kwabo suna nan da ransu, wasu a bencin shagonka suke yini. Kana tsammani sun manta? Sun ga abin da ka zama ne suka yi maka kara. Kai kaɗai ne a Rano kake zaton sirri ne."

Na ce ƙarya yake.

"To. Takalman hannun da na sassaƙa maka da itacen marke fa, da hannunka ya daina tsagewa? Suna nan?"

"Na ƙone su tun tuni."

"Yanzu kai ne maƙaryacin," in ji shi. "Je ka, sarkinka ya sallame ka."

Ba sarkina ba ne. Ba zai taɓa zama ba.

Suna ƙasan akwati. Katako ne mai kyau, ba a ƙona marke haka kawai.

Asabar, 1 ga Afrilu, azahar

Na bi masu zama a bencina da ido ɗaya bayan ɗaya. Malam Isiyaku mai goro ya girme ni nesa ba kusa ba, kuma bai taɓa fashin Juma'a ba. Ya ce, "Alhaji, lafiya kake kallona?" Na ce lafiya. Ya ɓare goro ya miƙo mini. Ban karɓa ba.

Duk shekarun nan. Suna zaune suna jina ina cewa ban taɓa ba, suna gyaɗa kai.

Litinin, 3 ga Afrilu

Na karanta shafin. Ba ta ƙara ba, ba ta rage ba. Har inda na yi shiru ta rubuta cewa na yi shiru.

Laraba, 5 ga Afrilu, bayan la'asar

Na ce wa Yalwa ta goge mini farar babbar riga. Ta ce, "Za ka je ka ƙarasa kunyata ta ne?" Na ce zan je in karɓi abina. Ta tashi ta zuba gawayi a dutsen guga.

Juma'a, 7 ga Afrilu, da hantsi

Jiya ban iya riƙe biro ba, kafaɗa ta ƙi. Yau zan rubuta duka.

An ɗaure kekena a saman bas tare da buhunan albasa, muka isa Kano da hantsi. Na murza har cikin jami'ar, ina tambaya ana nuna mini. Na iso ginin. Sashen da ke nazarin guragu a hawa na biyu yake. Matakala ce tun daga ƙasa, doguwa, mai lanƙwasa a tsakiya. Na zauna a gindinta na yi dariya ni kaɗai har ɗalibai suka fara tsayawa.

Aka kira Dakta Abdulganiyyu ya sauko da sauri, gajere mai tabarau, yana ta murza hannu. Ya ce, "Alhaji, ai da ka sanar da mu. Bari in sa samari su ɗauke ka."

Na ce, "Dakta, mutum na ƙarshe da ya ɗauke ni, ƙofar masallaci ya kai ni ya ajiye. Ba a sake ba."

Da ƙarfi na faɗa, kowa ya ji. Ban shirya faɗa ba, fita ta yi.

Ya ce to su malaman su sauko. Na ce su zauna inda suke, ni na zo wurinsu. Na sauka daga keke, na zura takalman hannuna na roba, na kama hawa.

Babbar riga ba a yi ta don wannan ba. Tun a matakala ta uku ta naɗe mini gwiwa. Sai na ji an tattare ta daga baya an ɗaga. Ban waiwaya ba, na san hannun Uwani ne. Ina hawa ɗaya tana hawa ɗaya, rigata a hannunta, ba ta taɓa jikina ba, ba ta ce sannu ba. Ta san da ta ce sannu da na koma.

A lanƙwasar na tsaya in numfasa. Ta sunkuyo ta ce a hankali, "Baba, wannan ita ce wadda ake ginawa da siminti."

Na ce, "Yi mini shiru. Ba ga shi ina hawanta ba?"

Ta ce, "Shi ma na rubuta."

A ɗakin malamai biyar ne a bayan tebur, shugabarsu wata dattijuwa, Farfesa Ramlatu. Na hau kujera da kaina. Na ce musu na janye janyewar da na yi, maganata ta zauna. Amma Malam Alu ba zai fita daga ɗakin nan da rai ba.

Suka yi ta muhawara a kaina da Turanci, ina jin fiye da rabi. Ɗaya ya ce ƙa'ida ƙa'ida ce, in aka buɗe ƙofa gobe wani zai cutu. Gaskiyarsa, ban ce bai da hujja ba. Wani mai ilmin shari'a ya ce an yi ƙa'idar ne don mai magana, ba a yi mai magana don ƙa'ida ba, in baligi mai hankali ya nema da bakinsa a gaban shaidu kuma ya rubuta da hannunsa, da wane dalili za a hana shi? Farfesa ta juyo ta yi mini Hausa.

"Alhaji, ka san duk abin da ke cikin babin? Har da shafin ƙofar masallaci?"

Na ce, "Ranki ya daɗe, ni na zauna a wurin, ba ku ba."

Ta gyaɗa kai. Ta dubi Uwani ta ce, "Mai bincike, faɗa wa kwamiti cikakken sunan wanda kika yi hira da shi, a rubuta."

Uwani ta sunkuyar da kai. Ta ce, "Ranki ya daɗe, mahaifina ne, ban taɓa..."

Na ce, "Faɗi. Na yafe miki kunyar yau ɗaya."

Ta faɗe shi a hankali, kamar mai ɗauko ƙarfe daga wuta. Munzali. Muhammad. Sani. Saji. Ba ta yi tuntuɓe ko ɗaya ba. Ashe ta iya.

Sun tsare ta da tambayoyi har azahar, ta amsa musu tsaye. Sun ce ta ci, da gyare-gyare. Saukowa ta fi hawa wuya, wannan ba wanda ya rubuta shi a littafinsu.

Kada wani ya ce na huce. Ban huce ba. Har yanzu ina jin haushin masu bencina, da Ɗantsoho, da wanda ya zana ginin nan. Na auna matakalar da ido tun ina kanta, in suna son gangaren ƙarfe na san yadda za a yi shi, kuma in na ƙera tambarina zai kasance a ƙarƙashi.

Sun ce in rubuta buƙatata da hannuna in aika. Ga ta, haka zan kwafe ta, ba wanda zai gyara mini ita.

A rubuta sunana. Munzali Muhammad Sani Saji, mai walda, Rano. A babi na huɗu tun daga farko har ƙarshe, duk inda aka sa Alu a kankare shi. Har da shafin ƙofar masallaci, domin yaron da aka ajiye a wurin ni ne, kuma shi ne ya ja jiki ya tashi. A bango kuma a cire M ɗin nan da ɗigonsa. Ba harafi ne ya haife ta ba.

A rubuta Munzali.